Lambobin maleji sun tsaya a tsohuwar Porsche 911: yadda ake gano inda ciwon yake

Tambayar maleji ta fi kowace yawan zuwa mini daga masu tsofaffin motoci, kuma kusan bakinsu ɗaya: allura tana tashi lafiya lau, amma lambobin da ke ƙirga tafiyar mota sun tsaya cak. Wasu kuma komai ne ya mutu, allurar ta kwanta, lambobin sun daskare. To ga amsar a wuri guda.

Na ɗauki Porsche 911 mai injin da iska ke sanyayawa, daga ta shekarun 1960 zuwa ta 1989, saboda ta ga maleji iri biyu. Har zuwa samfurin 1975 kebur ne ke juya shi, daga samfurin 1976 kuma ya koma na lantarki. Duka biyun kamfanin VDO na Jamus ne ya ƙera su. Mai tsohuwar Marsandi ko BMW ta wancan zamanin ma ya bi a hankali, don yawancinsu VDO ne a dashbod ɗinsu, kuma ciwon iri ɗaya ne ko da yake hanyar ciro agogon malejin ta bambanta.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙananan sukudireba irin na masu gyaran agogo, filaya mai siririn baki, multimita, injin huda mai batir wanda ke juyawa gaba da baya, jak da abin tokare mota, tsumma mai laushi, tef ɗin takarda, tsohon buroshin haƙori, da wayarka saboda hoto da GPS. Ita giyar robar da ke cikin agogon, wadda ta fi yawan lalacewa, kuɗinta 'yan gomomin daloli ne kafin kuɗin aike. Idan ka tura agogon gaba ɗaya wa masu wannan sana'a, irin North Hollywood Speedometer ko Palo Alto Speedometer a jihar Kalifoniya, maganar ɗaruruwan daloli ake yi, ga jira. Shi ya sa ya kamata ka san abin da ya lalace kafin ka yanke shawara.

1. Fita da motar tukuna, kada ka taɓa sukudireba

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa. Ɗauki hoton maleji motar tana tsaye, yadda lambobin sama da na ƙasa za su fito sarai. Na sama su ne jimillar tafiyar motar tun fitowarta, na ƙasa su ne ƙaramin ƙirgen da ake mayarwa sifili. Kunna GPS, ka yi tafiyar kilomita goma, ka tsaya ka sake hoto. Abin da ka gani shi zai nuna maka inda za ka dosa.

Idan allura tana aiki daidai amma lambobin duka biyu ba su motsa ba, ciwon yana cikin agogon kansa. Kebur lafiya yake, sansa (abin da ke aika wa maleji na lantarki saƙon gudu) lafiya take, fiyus lafiya yake, domin da ɗayansu ya mutu allurar ba za ta tashi ba. Kada ka bari wani ya sayar maka da sabon kebur a wannan halin. Wuce kai tsaye zuwa mataki na 3, daga nan ka yi tsalle zuwa na 6.

Idan allura da lambobi sun mutu tare, akasarin lokaci saƙon ne bai iso ba. Ka nemi matsalar a waje: kebur, sansa, waya ko fiyus.

Idan ƙaramin ƙirge yana tafiya amma babban ya tsaya, ko babban yana tafiya ƙaramin ya tsaya, wata giya ce ke zamewa a kan sandarta ko ta daina kama 'yar'uwarta. Shi ma a ciki ne.

Idan lambobin suna yi suna tsayawa, yau su ƙirga gobe su ƙi, ko su yi aiki da sanyin safiya su ƙi da rana, giyar ta tsage ne ko ta rasa haƙori ɗaya ko biyu. Sauran ma suna hanya.

Idan kuwa allura tana rawa sama da ƙasa a mota mai kebur, musamman tare da wani ƙara kamar kukan gyare a bayan dashbod, kebur ya bushe ko ya lanƙwashe.

Gargaɗi: kada ka danna maɓallin mayar da ƙaramin ƙirge sifili mota tana tafiya, wai ko zai farfaɗo. Masu gyaran waɗannan agogon sun daɗe suna ɗora wa wannan ɗabi'ar laifin karya giya. Giya mai ƙwari tana iya jurewa, amma wadda ta shekara arba'in ba ta da wannan haƙurin.

2. Tabbatar da irin malejin da ke motarka

Shekarar mota tana nuna hanya, amma kada ka dogara da ita ɗari bisa ɗari. Motar da ta wuce hannun mutum biyar ko shida, ba mamaki an taɓa canja mata giyabos ko agogo. Bayan agogon ne zai faɗa maka gaskiya: mai kebur yana da wani kakkauran abu kamar tiyo da aka ɗaure da noti mai zagaye a tsakiya, na lantarki kuwa wayoyi ne kawai.

Motocin da aka sayar a Amurka a farkon shekarun 1980 da yawa sun zo da malejin da ya ƙare a mil 85 saboda wata doka ta lokacin, kuma masu su da dama sun cire shi sun sa mai manyan lambobi. Idan taka samfurin 911 SC ce ta wancan lokacin daga Amurka amma malejinta ya wuce 85, akwai yiwuwar ba shi ne na asali ba, kuma jimillar da ke jikinsa ba lalle ta zama ta motar ba ce.

3. Cire batir, ka ciro agogon

Batir yana cikin but na gaba. Cire kan nagatib. Gargaɗi: samfurin 1969 zuwa 1973 batir biyu gare su, ɗaya a kowane gefe. Ka cire ɗaya ka bar ɗaya, wuta tana nan.

Agogo biyar ne a jere, na juyin inji a tsakiya, maleji a damansa, agogon lokaci a ƙarshe. A yawancin waɗannan motocin zoben roba ne kawai ke riƙe da kowanne a raminsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara zaro agogon lokaci, ka zura hannu ta raminsa ka turo maleji daga baya. Wasu suna bi ta cikin but su tura. Na shekarun 1960 suna da maƙalin ƙarfe ta baya, sai an kwance shi. Idan dole sai ka ɗan banƙara ta gaba, yi da abu na roba, ka sa tsumma a ƙarƙashinsa. Fatar dashbod ɗin nan ta tsufa, sukudireba tana taɓa ta za ta bar tabon da ba ya gogewa.

Kafin ka zare waya ko ɗaya, ɗauki hoto, ka liƙa wa kowace tef ka rubuta inda ta fito. A tsarin wayoyin motocin Jamus mai ruwan ƙasa ita ce ta bodi, wato nagatib. Ƙananan ƙwayayen fitila zarowa ake yi da mazauninsu. A tsofaffin samfura akwai wani ɗan gajeren kebur na mayar da ƙirge sifili da ke sauka ƙarƙashin dashbod, shi ma a kwance shi.

4. Komai ya mutu, kuma motar mai kebur ce

Injin 911 da giyabos a baya suke, saboda haka kebur ɗin dogo ne, ya taso daga giyabos ya bi ta ramin tsakiyar mota har dashbod. Gwajinsa kashi uku ne.

Da farko, agogon. Sami guntun tsohon kebur mai baki kusurwa huɗu, ka ɗaura a injin huda, ka zura a bayan agogon, ka juya a hankali. Idan allura ba ta tashi ba, juya injin ɗaya gefen. In ta tashi kuma lambobi suka soma motsi bayan ɗan lokaci, agogo ya kuɓuta. Gargaɗi: fara da ƙaramin gudu, kada ka matse injin gaba ɗaya allura ta je ta daki ƙarshe.

Na biyu, kebur. Kama bakin zaren ƙarfen da ke ciki ta gefen dashbod, ka murza da yatsa. Idan ɗaya bakin yana cikin giyabos yadda ya kamata, zai ƙi juyawa. Idan ya yi ta juyawa salin-alin, ko ka ja ya biyo ka guntu, ya tsinke, ko kuwa kusurwoyin bakinsa sun cinye.

Na uku, abin da ke juya kebur a jikin giyabos. Ɗaga bayan mota, ka tokare ta da kyau, ka kwance kebur daga giyabos, a juya tayoyin baya biyu tare zuwa gefe ɗaya kai kana kallon ramin. In bai juya ba, aikin ya koma na giyabos, sai bakaniken da ya san ta. Gargaɗi: kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Kebur da ya bushe kawai, a zaro zaren a wanke a shafa giris kaɗan. Bar kamar tsawon taƙi ɗaya ta gefen agogo ba giris. Zaren yana juyawa ne kamar sukuru, yana tura maiƙo sama, kuma in ya shiga cikin agogo allura za ta fara nauyi. Wajen mayarwa kada a lanƙwasa shi da tsanani, yawancin sababbin kebur da ke saurin tsinkewa a nan aka cuce su.

5. Komai ya mutu, kuma motar ta lantarki ce

Fara da fiyus. Akwatinsu yana but na gaba, kuma irin na da ne masu kama da harsashi, waɗanda bakinsu ke yin tsatsa ko da ba su ƙone ba. Murza kowanne a mazauninsa, ka kankare bakin. Sai ka mayar da batir na ɗan lokaci, ka buɗe makulli, ka auna ko wuta kusan bolt 12 tana isowa bayan agogon, ka kuma tabbatar wayar bodi tana kamawa.

Sansar ɗan ƙaramin abu ne mai waya biyu, a manne a murfin gefen giyabos kusa da inda sandar taya ke fitowa. Makunni ne kawai a cikinta. A cikin giyabos akwai zobe mai ɗauke da mayen ƙarfe guda takwas, duk wanda ya gifta sai makunnin ya rufe ya buɗe. Agogo kuma ƙirga wannan rufewar yake yi.

Zare wayoyinta biyu, ka sa multimita a ma'aunin da ke ƙara idan waya ta haɗu, ka ɗaga taya ɗaya ta baya, giya a furi, ka juya a hankali. Ya kamata ka ji ƙarar tana zuwa tana ɗaukewa a jere, kamar sau huɗu a kowane zagayen taya idan ɗaya tayar tana ƙasa. In motar tana da irin difaranshal ɗin da ke kulle tayoyin biyu tare, taya ɗaya ba za ta juyu ba, sai ka ɗaga duka biyun. Shiru gaba ɗaya, ko ƙara ba yankewa, sansa ta mutu. Amma kafin ka saya, duba ko ta zauna daram a mazauninta, don idan maƙalinta ya saki ta ɗan ja baya, mayen ƙarfen ba zai kai gare ta ba. Na taɓa ɓata yini guda ina zargin agogo, ashe ɗan maƙalin nan ne ya lanƙwashe.

Sansa ta ci jarrabawa? Maimaita gwajin daga bakin wayoyin a bayan dashbod. In a can baya akwai ƙara amma a nan babu, waya ta katse a hanya, kuma wannan aikin rewaya ne. In saƙo yana isowa, ga wuta, ga bodi, amma allura ba ta motsi, allon lantarkin cikin agogo ne. Shi kam shawarata a kai wa masu sana'ar.

6. Buɗe agogon

Wannan ne matakin da ke raba mai haƙuri da mai gaggawa. Ba a yi agogon don a riƙa buɗe shi ba: zoben ƙarfen da ke riƙe gilashi naɗe bakinsa aka yi ya kama gwangwanin ta baya. Kife shi a kan tsumma mai kauri. Zura siririyar sukudireba ƙarƙashin naɗin ta baya, ka ɗaga kaɗan, ka matsa gaba kaɗan, ka sake. Zagaya sau uku ko huɗu, kowane zagaye kana ƙara buɗawa ƙanƙane. Wanda ya ce zai gama a zagaye ɗaya zai yaga zoben ko ya fasa gilashi. Tabon da ka yi ta baya zoben robar dashbod zai rufe shi, amma na gaba kullum yana kallonka kana kallonsa.

Zobe ya fita, ka ajiye gilashi da abin da ke ƙarƙashinsa a jere yadda suka fito. Kwance sukurorin bayan gwangwani, ka zaro kayan ciki ta gaba.

Gargaɗi: kada yatsa ya taɓa fuskar agogon. Baƙin fentin yana riƙe maiƙon hannu, gogewa kuma ƙara ɓata shi take yi.

Tsaya ka duba da kyau kafin ka taɓa allura. Sau da yawa kana iya hango giyar da ta lalace daga gefe. Idan aikin zai yiwu ba tare da cire allura ba, bar ta. In dole ne, fara yin alama: ɗaga ta a hankali ta haye ɗan ƙusan da take kwanciya a kai, ka bar ta ta tsaya inda ta ga dama, ka sa tef a gefen fuskar ka yi ɗigo daidai bakinta. Nan za ta koma. Rufe fuskar da takarda, ka sa ƙananan cokula biyu ta gefe da gefe ƙarƙashin gindin allurar, ka ɗaga su tare. Sandar da take kai siririya ce ƙwarai. Ta karye, gyaran 'yan daloli ya zama sayen wani agogo. Idan hannunka yana rawa, kai wa tsohon mai gyaran agogon hannu, wannan a wurinsa wasa ne.

7. Abin da za ka tarar a ciki

A na lantarki akwai ɗan ƙaramin moto mai sanda kamar sukuru, yana juya wata giyar roba mai hawa biyu, ita kuma ta miƙa wa layin lambobi. Ita ce mai laifi a mafi yawan lokuta. Shekaru da zafi da tsohon giris sun mayar da ita launin ruwan zuma, ta yi laushi kamar sabulu, ka taɓa ta da farce ta marmashe. Za ka ga haƙoranta a zube a ƙasan gwangwani. Motar da ke kwana a rana ta fi saurin kai wa nan.

A mai kebur, duba abu biyu. Akwai giyar roba da ke tsagewa daga tsakiya ta daina kama sandarta, tsagar siririya ce sai ka haska fitila. Akwai kuma giyar ƙarfe mai launin toka a ƙarshen sandar da lambobin ke kai, wadda matse ta kawai aka yi. Da tsufa sai ta saki, sanda ta yi ta juyawa ita tana tsaye, wani lokacin ma sandar ta zame gefe. Riƙe giyar ka murza sandar: in ɗaya ta juya ta bar ɗaya, ka kama ɓarawo.

Gargaɗi: kada ka zare sandar lambobi gaba ɗaya haka kawai. Lambobin da ƙananan haƙoran da ke tsakaninsu za su watse, jera su kuma aikin yini ne. Liƙa tef a kan layin lambobin tukuna, kuma idan za ka zare sandar, bi bayanta da wata mai kaurinta tana shiga tana fita.

8. Sa sabuwa, ka gwada a kan tebur

Kada ka yi odar giya kafin ka buɗe. Adadin haƙora ya bambanta tsakanin agogon mil da na kilomita, da kuma tsakanin shekaru. Ƙirga haƙoran kowane hawa na tsohuwar, in wasu sun zube ƙirga gurbinsu, ka haɗa da lambar da ke jikin gwangwanin ka ba mai sayarwa. Giyar da ta bambanta da haƙori ɗaya tana iya shiga ta yi aiki, amma ƙarya za ta riƙa ƙirga maka.

Share duk ɓurɓushin tsohuwar da buroshi da tsinken sakace, musamman cikin zaren sukurun moto. Guntu ɗaya ya isa ya tsayar da sabuwa. Goge tsohon giris, kuma kada ka cika sabo.

Giyar ƙarfe mai zamewa ba sai an canja ta ba. A ɗan ƙarce wurin zamanta a kan sandar don ya yi kaushi, a sa ɗigo ɗaya na gam ɗin da ake kafe ƙarfe da ƙarfe, a mayar. Ɗigo ɗaya na ce. Sufa gulu mai gudu kamar ruwa ya bi sanda ya shiga lambar farko, ka kashe maciji ka kashe sanda.

Gwada kafin ka naɗe zobe. Mai kebur, da injin huda kamar ɗazu, ka bar shi har ƙaramin ƙirge ya cika kilomita ɗaya ko biyu ka ga babban ya motsa. Na lantarki, ba shi wuta da bodi daga batir, ka haɗa zarto mai haƙora da nagatib, ka riƙa jan bakin wayar saƙo a kan haƙoran. Allura za ta yi tsalle, moton kuma ya soma juyawa. Kalli giyar ta yi cikakken zagaye ba tare da ta cije ba.

9. Rufewa da gwajin titi

Mayar da allura kan ɗigonka, ka danna kaɗan, ka dawo da ita bayan ƙusanta. Goge cikin gilashi, ka hure ƙura, don duk abin da ka rufe da shi zai zauna shekaru. Kife agogon, ka danna shi ƙasa, ka mayar da naɗin zoben da guntun katako kaɗan-kaɗan, yau nan gobe can, kamar yadda ake ɗaure notin taya.

A titi, yi tafiya mai ɗan tsawo da GPS. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, saboda haka a agogon mil, kilomita 16 za su ba ka mil 10 saura ƙiris. Bambanci kaɗan ba abin damuwa ba ne, kuma sau da yawa daga taya yake: tayar baya da ta fi ta asali girma da kashi 3 cikin ɗari za ta rage ƙirge da kashi 3, kuma allura da lambobi za su yi kuskuren tare. Idan allura ta yi daidai da GPS amma lambobi sun kauce sosai, giyar da ka sa ba ita ba ce. Idan lambobi daidai ne amma allura tana gaba ko baya da adadi ɗaya a kowane gudu, ba ta zauna kan ɗigonta ba.

10. Rubuta abin da ya faru

Bar lambobin yadda ka same su. Rubuta ranar gyara, adadin da ke jiki, da kiyasinka na tsawon lokacin da ya yi a tsaye, ka haɗa da hotunan farko da rasit ɗin giya a takardun motar. Darajar irin wannan mota tana rataye da tarihin tafiyarta, mai saye kuma zai gwada malejin da rasit ɗin sabis na baya. A Amurka doka ce ta tarayya: idan gyara ko canji ya sa ba za a iya barin adadin yadda yake ba, a mayar da shi sifili, a liƙa sanarwa a jikin firam ɗin ƙofar hagu mai nuna tsohon adadi da ranar aikin. Tsohuwar giyar ma ka zuba ɓurɓushinta a 'yar leda ka ajiye tare da takardun.